Rabuwa da jarabar latsa waya: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa duk inda aka tayar da zancen waya a nan Zamfara, ko a majalisa, ko a ofishin malamai, ko tsakanin mata a gidan suna. Duk sun shafi mutum iri ɗaya ne: wanda ya ɗauki waya don ya duba saƙo ɗaya, ya ɗago kai ya tarar awa biyu ta tafi, kuma in ka tambaye shi me ya gani ba zai iya kawo abu uku ba.

Yaya zan gane cewa nawa latse-latsen ya wuce misali?

Yawan awanni kaɗai ba ya nuna komai, don mai POS da ɗan jarida suna wuni da waya a hannu kuma aikinsu ne. Duba waɗannan: kana buɗe Facebook ko TikTok ba tare da ka yi niyya ba, sai dai ka tsinci kanka a ciki. Ka sha cewa "bari in ga wannan in ajiye" kuma ba ka ajiye ba. In caji ya ƙare ko data ta yanke sai ranka ya ɓaci, ka rasa inda za ka sa kanka. Akwai abin da ya fara lalacewa saboda ita, barci ne, ko jam'in asuba, ko karatu, ko hira da iyali. Na ƙarshen nan shi ne ma'auni mafi ƙarfi. In har wani na kusa da kai ya taɓa cewa "da kai fa nake magana", kuma ba sau ɗaya ba, to ka ɗauki maganar da muhimmanci.

Na san tana cutar da ni. Me ya sa na kasa ajiyewa?

Saboda an ƙera abin ne don kada ka ajiye, kuma ya kamata kowa ya san wannan kafin ya fara zagin kansa. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigarsa daga talla yake samu. Talla kuwa sai an zauna ake ganinta. Ke nan duk mintin da ka ƙara a ciki kuɗi ne a wajensu, kuma suna da ƙwararru da aikinsu kullum shi ne ƙara wannan mintin.

Dabarar farko ita ce cire ƙarshe. A da, shafin intanet yana da iyaka, sai ka danna kafin ka shiga na gaba, kuma a wannan ɗan tsaikon ne mutum yake tuna yana da abin yi. A 2006 wani injiniya ɗan Amurka, Aza Raskin, ya fito da tsarin da shafi ke ta zubo sabon abu muddin yatsa yana ja. Daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadamarsa. Tuwo a kwano, in ka ga gindin kwanon ka san ka gama. Wannan kwanon ba shi da gindi, kana ci ana ƙarawa.

Ta biyu ita ce rashin tabbas. Masanin halayyar ɗan'adam B. F. Skinner ya gwada tattabaru da ɓeraye a Amurka tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce, ya gano cewa dabbar da ake ba hatsi jefi-jefi, ba ta san yaushe zai faɗo ba, ta fi nacewa wajen danna maɓalli fiye da wadda ake ba kowane lokaci. Haka bidiyon TikTok yake. Tara ba su da wani armashi, na goma ya sa ka dariya har da hawaye, kuma ba ka san ko na gaba ne na goman ba. Shi ya sa yatsa ba ya tsayawa. Caca ma da wannan take kama mutane.

Ta uku, manhajar tana karantarka. Tana lura da bidiyon da ka tsaya a kai, da wanda ka maimaita, da wanda ka wuce da sauri. In rigimar malamai ce ke tsayar da kai, ita za a yi ta turo maka. In rawa ce, rawa. A 2017 Sean Parker, shugaban Facebook na farko, ya faɗa a bainar jama'a cewa sun san suna amfani da wani rauni ne da ke cikin halittar ɗan'adam, kuma suka ci gaba.

To laifin kamfanoni ne ke nan, ni ba ruwana?

Da ruwanka, don lokacin naka ne kuma kai za a tambaya a kansa. Amfanin sanin dabararsu shi ne ka daina dogara da rantsuwa da ƙarfin zuciya kaɗai. Da ƙarfe sha biyun dare, ga gajiya, ga waya a gefen matashi, ƙarfin zuciya ba ya kai labari. Abin da ke aiki shi ne ka sauya inda waya take da abin da ke cikinta tun da rana, lokacin da hankalinka yake tare da kai.

Da me zan fara?

Da ganin gaskiyar lissafi. A wayoyin Android irin su Tecno da Infinix da Samsung da Redmi, shiga saitin waya ka nemo Digital Wellbeing. A iPhone kuma Screen Time. Tun 2018 aka fara sa su. Za su nuna maka awa nawa ka yi a kowace manhaja da sau nawa ka buɗe wayar. Kada ka canza komai a makon farko, ka dai riƙa dubawa kowane dare. Yawancin mutane hasashensu yana ƙasa da abin da za su gani.

Sannan ka yi lissafin da kanka. Awa 3 a kullum awa 1,095 ce a shekara, wato sama da kwana 45 cur, dare da rana. Ka haɗa da kuɗin data, wanda ya ƙara tsada tun da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025.

Ni ba nishaɗi ke kai ni ba. Labarin tsaro nake bi, ina da 'yan'uwa a ƙauye. In daina?

Wannan tambayar ta fi kowace nauyi a wajenmu, kuma duk shawarar da ba ta amsa ta ba, ba don mu aka yi ta ba. Wanda mahaifiyarsa take Zurmi ko Maru, ko wanda zai bi hanyar Tsafe zuwa Funtuwa gobe da safe, yana da haƙƙin sanin abin da ke faruwa. Ba wanda zai ce masa ya rufe ido.

Amma a raba abu biyu. Akwai labarin da za ka yi aiki da shi: hanya kaza lafiya yau? An kai hari kusa da garinmu? Wannan kiran waya ɗaya ne ga direban da ya biyo hanyar, ko ga ɗan'uwa a can, ko tambaya a tasha. Minti biyar ya isa. Akwai kuma zaman da mutum zai yi daga isha'i har tsakar dare yana bin bidiyon gawarwaki, daga wannan shafi zuwa wancan, yana karanta zage-zage a ƙarƙashi. Wannan bai kuɓutar da kowa ba. Abin da yake bari shi ne bugun zuciya, da rashin barci, da ɗaukar rai a kan yara da safe. Tsoro ne ke sa mutum ya ji kamar in ya ƙara karantawa zai samu natsuwa, sai kuma karatun ya ƙara tsoron, ya koma neman wani.

Ga kuma matsalar ƙarya. Sau nawa aka yaɗa hoton shekarun baya, ko na wata ƙasa, aka ce jiya ne a Shinkafi? Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, kuma ban san inda ake buƙatar wannan umarni kamar zaurukan WhatsApp na unguwa ba.

Abin da nake ba da shawara: ka ware lokaci biyu a rana, safe da yamma, ka saurari labarai a rediyo, ko Rediyon Zamfara, ko Pride FM, ko sassan Hausa na BBC da DW da RFI. Labaran rediyo suna da farko suna da ƙarshe, kuma akwai edita da zai amsa tambaya in an yi ƙarya. Ka bar zaure ɗaya tak na garinku wanda ka yarda da masu kula da shi, sauran ka kashe musu ƙara. Ka gaya wa 'yan'uwa cewa in abu ya faru su kira ka kai tsaye, kada su turo saƙo. Da zarar ka tabbata labarin gaggawa zai same ka ta kira, dalilin leƙawa kowane minti goma ya faɗi. Bidiyon gawa kuma kada ka buɗe, kada ka tura. Mamacin ɗan wani ne.

Ai an taɓa rufe mana sabis a 2021 kuma muka rayu. Me ya sa muka koma kamar da?

A farkon Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. An dawo da na Gusau a farkon Oktoba, sauran wurare sai wajen ƙarshen Nuwamba. Wahala ce aka sha ta gaske: tura kuɗi ya tsaya, ciniki ya ja baya, mutane suna tafiya har Funtuwa don kiran waya kawai. Ba zan kira wannan lokaci alheri ba.

Amma ya nuna abu biyu. Abin da aka yi kewarsa da gaske shi ne muryar 'yan'uwa da hanyar kuɗi. Ban ji wanda ya shiga mota zuwa wata jiha don kallon barkwanci ba. Na biyu, hani na dole ba ya canza ɗabi'a. Ranar da sabis ya dawo, waya tana nan a gefen matashi, manhajojin suna nan inda aka bar su, zaman banza na bayan la'asar yana nan. Komai ya koma mazauninsa.

In goge su gaba ɗaya ne, ko in rage?

Ya danganta da manhajar. Wadda ba ka da wata hulɗa a cikinta sai kallo, kamar TikTok ga yawancin mutane, goge ta ya fi sauƙi a kan rage ta. Wadda kake buƙata, kamar WhatsApp, sai a yi mata iyaka.

Duka hanyoyin an gwada su. A Jami'ar Pennsylvania a 2018, an sa ɗalibai su taƙaita Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowace a rana na tsawon mako uku, aka ga kaɗaici da ƙuncin zuciya sun ragu a cikinsu. Wani binciken na masana a jami'o'in Stanford da New York ya biya mutane su rufe Facebook na mako huɗu a 2018. Sun samu rarar kusan awa ɗaya a kullum, sun ɗan fi jin daɗin rayuwa, kuma da yawa ba su koma yawan amfanin da suke yi a da ba. A Amurka aka yi duka biyun, rayuwarsu daban da tamu, amma manhajar da ke wayarsu ita ce a tamu.

Na sa iyakar lokaci, amma in ta cika sai in danna in ci gaba. Akwai wata dabara?

Akwai, kuma duk manufarsu ɗaya: a sa wa yatsa tuntuɓe. Kashe duk wata sanarwa in ban da kira da saƙon mutum zuwa mutum. Cire manhajojin daga fuskar farko ta waya. Fita daga asusunka duk lokacin da ka gama, yadda sai ka rubuta kalmar sirri kafin ka koma. Mayar da fuskar waya baƙi da fari, akwai wurin yin haka a saiti. Bidiyo ba launi ba ya jan ido sosai. Hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyo da kansa. In wayarka tana ba da damar sa lambar sirri a kan iyakar lokacin, ba matarka ko abokinka ya sa, kai kada ka sani.

Wanda ya fi duka ƙarfi shi ne nisa. Wayar da ke wani ɗaki ba ta kiran mutum kamar wadda ke aljihu. Na san wani tela a Tudun Wada da idan aikin sallah ya taso yake miƙa babbar wayarsa ga mai cajin waya na bakin layi tun da hantsi, ya karɓi 'yar lambarsa ya sa a aljihu, ya bar ƙaramar mai tocila a kan keken ɗinki saboda masu kaya. Sai an kira magariba yake zuwa karɓa. Kuɗin caji kawai yake biya, kuma ɗinkin mutane yana fita a ranar da ya yi alkawari.

Da dare abin ya fi ƙarfina. Me zan yi?

Kada waya ta kwana inda hannunka zai kai. Wannan kaɗai ya isa ya canza rabin matsalar. In ƙararrawar asuba ce hujjarka, sayi ƙaramin agogo ko ka yi amfani da ƙaramar waya. Hasken fuskar waya yana jinkirta sinadarin da ke kawo barci, amma abin da kake kallo ya fi hasken illa, don zuciyar da aka tayar da faɗa ko tsoro ba ta kwanciya da wuri. Babba yana buƙatar aƙalla awa 7 na barci, matashi 8 zuwa 10. Wanda ya ajiye waya ƙarfe ɗaya, ya tashi asuba, da ƙyar ya samu huɗu.

Ka daina sayen datar dare. Arha ce a kuɗi, amma da barcinka kake cika sauran. Haka in wuta ta zo tsakar dare, sa cajin ka koma ka kwanta.

Sana'ata a waya take. Ina sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp da Instagram. Ni fa?

Hajiya, ba a ce ki rufe shago ba, lokacin buɗewa da rufewa za ki sa masa. Ki zaɓi lokuta uku, misali bayan kin sallami yara makaranta, bayan azahar, da bayan la'asar. Ki ɗora kaya, ki amsa masu tambaya, ki fita. Ki rubuta lokutan a bayanin shafinki. Mai son kaya da gaske za ta jira awa biyu, ko ta kira. Inda lokaci ke zubewa shi ne bayan an gama amsa kwastoma, a ce bari a ga abin da wasu suka ɗora. In da hali, ki raba layin kasuwa da na gida.

Wa'azi da karatu nake kallo. Shi ma matsala ne?

Tambayi kanka me ka riƙe daga na jiya. Guntun minti ɗaya daga wannan malami, raddi daga wancan, wani ya yanko maganar wani don a yi faɗa: wannan ba karatu ba ne ko da an ambaci Allah a ciki. In karatu kake so, zaɓi littafi ɗaya da malami ɗaya, sauke darussan a jere, kashe data, ka saurara da takarda a hannu. In akwai zaman karatu a masallacin unguwarku tsakanin magariba da isha'i, ya fi.

In na ajiye wayar sai in rasa abin yi. Da me zan cike gurbin?

Wannan gundurar ta kwanakin farko dole ce, kuma tana wucewa. Amma kada ka bar gurbin a buɗe, ka tanadi abin yi tun kafin lokacin ya zo, kuma ya zama abin da ke buƙatar hannu ko ƙafa: ƙwallo da yamma, ban-ruwan 'yan shuke-shuke, duba dabbobi, koyon ɗinki ko gyaran waya, kai ziyara gidan gwaggo da aka daɗe ba a je ba. Majalisa ma tana yi, in an yarda kowa ya sa tasa a aljihu. Abin takaici ne ka wuce wajen mai shayi ka ga mutum shida a benci ɗaya, kowa kai a sunkuye, ba mai ce wa wani uffan.

Maigidana ne abin ya kama. Yaya zan yi masa magana ba tare da faɗa ba?

Kada ki yi maganar lokacin da wayar take hannunsa, kuma kada ki yi ta gaban yara. Ki nemi lokacin da ransa yake sanyi, ki roƙi abu ɗaya ƙarami maimakon ki kawo ƙarar halinsa duka. "Baban Amira, don Allah in an kawo abincin dare mu ajiye wayoyi a ɗaki, ni da kai, yaran nan suna son hira da kai." Ki sa taki a ciki. Haka shi ma maigida zai yi in uwargida ce abin ya kama.

Yara fa? Shekara nawa ya kamata a ba su waya?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Facebook da Instagram da TikTok da kansu sun ce sai ɗan shekara 13. Ostireliya ta ga hakan bai isa ba, ta yi doka a ƙarshen 2024 ta mayar da shi 16.

A gidajenmu matsalar ba ta fara da saya wa yaro waya ba, ta fara ne da miƙa masa ta uwa don ya yi shiru. In ɗan sakandare yana buƙatar waya saboda tsaro, ƙaramar ta kira ta wadatar. In an ba shi babba, ta kwana a ɗakin iyaye. Kuma yaro abin da ya gani yake yi. Uban da ke latsa waya a kan tabarmar cin abinci ba zai iya hana ɗansa ba.

Kwana nawa zan ɗauka? Na gwada na koma.

Zancen kwana 21 da ake yawan faɗa ba shi da tushe mai ƙarfi. Wani bincike da aka yi a Landan, aka wallafa a 2009, ya gano cewa sabuwar ɗabi'a tana ɗaukar kimanin kwana 66 kafin ta zauna, wasu 18, wasu har 254. Ya kuma nuna cewa kuskuren rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. In ka koma, duba me ya jawo: rashin barci ne, ɓacin rai ne, ko wani mummunan labari? Gyara wannan wurin, ka ci gaba washegari. Azumi lokaci ne mai kyau na farawa, tun da tsarin wuni ya riga ya canza.

Yaushe ya kamata in ga likita?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin bidiyo a jerin cututtuka, amma ba ta sa ta kafafen sada zumunta ba, don haka ba wata ƙwaya da za a rubuta maka saboda TikTok. Sai dai sau da yawa latsa waya mafaka ce ga wani ciwon da ke ƙasa. In ka yi mako biyu ko fiye kana cikin ƙunci, ba ka jin daɗin komai, barci ya ƙaurace, ko abin da ka gani na hari ko garkuwa yana ta dawo maka, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, kada ka tsaya gyaran saitin waya. Je asibiti ka faɗa wa likita yadda kake ji, kamar Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, in da buƙata su tura ka asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Ka tafi da wani na jikinka wanda zai taya ka bayani.